Auki da Zafi: Nazarin Lissafin Sinadarai Daga Tankin Kabaid na Panteka Zuwa Buhun Yuriya

Duk macen da ta saba da madafa ta san auki. Mudun wannan shinkafa ya cika tukunya, mudun waccan ya tsaya a rabi, sai a ce ta farkon ta fi auki. Mai ƙosai tana faɗin haka a kan wake, mai biredi a kan fulawa. Na ɗauko kalmar daga madafa ne saboda ita ce mafi kusa da abin da masana sinadarai ke nufi idan suna maganar yawan abin da aka samu bayan an haɗa sinadarai sun rikiɗe zuwa wani abu dabam. A wajensu auki iri biyu ne. Akwai aukin lissafi, wato abin da alƙalami ya ce za a samu idan komai ya tafi daidai, akwai kuma aukin hannu, wato abin da aka ɗora a sikeli aka gani da ido. Idan aka raba na biyu da na farko aka ninka da 100, an sami kason auki.

Abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne kowace haɗuwar sinadarai tana da littafin lissafi biyu, na nauyi da na zafi, kuma babu ɗayansu da wani abu ke ɓacewa a cikinsa. Abin da mai sana'a ke kira asara yana nan, ya dai bi wata hanyar da ba a sa masa ido ba. Littattafan biyu kuma a ɗaure suke da juna, sau da yawa sai an biya a ɗaya kafin a ci riba a ɗayan. Manyan masana'antun Kaduna, irin su matatar mai da aka buɗe a 1980 da kamfanin takin sufa, duk suna tsallaken kogi ta kudu. A arewacin kogi ƙananan masu sana'a ne ke gudanar da waɗannan haɗe-haɗe kullum, da hannu da ido da hanci, don haka daga wajensu zan ɗauko misalai.

Dutsen da ke tafasa ruwa

A tsohuwar Panteka, daf da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, na sha tsayawa ina kallon mai walda yana shirya tankinsa da safe. Yakan ɗauko dunƙulen kabaid mai launin toka, ya farfasa da guduma, ya zuba a cikin ɗan kwandon ƙarfe, ya saka a tanki mai ruwa, ya ɗaure murfi. Nan take sai a ji ciki yana ɓararraka kamar tukunya a kan murhu, wani wari mai kama da na tafarnuwa ya tashi. Bayan ɗan lokaci, idan ka dafa jikin tankin sai ka ji ya ɗau zafi, alhali ba a kunna wuta ko'ina ba. Da yamma ya kwance murfi ya juye wani farin taɓo a gefe. Duk abin da ɗalibin sakandare ke haddacewa a kan auki da sauyin zafi ya faru a cikin wannan tanki kafin azahar.

A rubuce, abin da ya faru shi ne:

CaC₂ + 2H₂O → C₂H₂ + Ca(OH)₂

Ƙwayar kabaid ɗaya ta haɗu da ƙwayar ruwa biyu, suka haifar da ƙwayar iskar asitilin ɗaya, wadda ita ce ke ci a bakin tocin walda, da kuma farin taɓon nan. Ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta da yawa a ƙirga su ɗaya-ɗaya, kamar yadda ba mai ƙirga gero da ƙwaya. Saboda haka masana suka yi nasu mudun, suka kira shi mol. Bambancinsa da mudun kasuwa shi ne mol adadi yake aunawa, kowane mol na kowane abu yana ɗauke da ƙwayoyi 6.022 × 10²³, sai dai nauyin ya bambanta. Mol ɗaya na kabaid giram 64 ne, mol biyu na ruwa giram 36, jimla 100. A ɗaya ɓangaren, asitilin giram 26, farin taɓo giram 74, jimla 100. Abin da ya shiga shi ya fita, ba ragi ba ƙari. Wannan ita ce ƙa'idar da Antoine Lavoisier na Faransa ya kafa da sikeli, ya bayyana ta a 1789, kuma a kanta aka gina duk lissafin auki.

Daga nan lissafin ba wuya. Kilo ɗaya na tsantsar kabaid mol 15.6 ne, don haka iyakar abin da zai iya bayarwa shi ne giram 406 na asitilin, kimanin lita 350. Amma kabaid ɗin da ake sayarwa ba tsantsa ba ne. Mai kyau yakan tsaya a wajen kashi 80 cikin 100, sauran farar ƙasa ce da wasu gurɓatattun abubuwa, kuma daga cikinsu ne warin tafarnuwar ke fitowa, domin ita asitilin tsantsa kusan ba ta da wari. Ke nan tun kafin a ɗiga ruwa, aukin lissafi ya sauko zuwa giram 325. Mu ƙaddara mai walda ya iya tara giram 240 daga wannan kilo. Idan aka auna shi da 325, kason aukinsa 74 ne cikin 100. Idan aka yi kuskure aka auna shi da 406, sai a ce 59, a ɗora masa laifin da na kayan ne. Ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa, ba su tambayar nawa ne ainihin sinadarin da ke cikin abin da aka auna.

To ina giram 85 ɗin suka tafi? Wani kaso ya narke a ruwan tanki, domin ruwa yana shan asitilin kusan daidai da cikinsa. Wani ya sulale ta tsohuwar roba da bakin murfi. Wani kuma tun a shago ya tafi. Kabaid yana jan laimar iska, kuma a watan Agusta na Kaduna, lokacin da wanki ke kwana biyu bai bushe ba, dunƙulen da aka bari a buɗe yakan yi farin gari a jikinsa. Wannan gari shaida ce cewa haɗuwar ta riga ta faru a hankali, iskar ta bi sararin samaniya. Idan masu walda suka ce kabaid ya sha iska, bayanin da suka yi daidai yake da na littafi.

Akwai kuma wani ma'auni da masanin Amurka Barry Trost ya fito da shi a 1991, wanda ke tambayar kashi nawa na dukkan kayan da aka zuba ya ƙare a cikin abin da ake nema. A tankin kabaid amsar 26 ce cikin 100. Ko da ba a yi asarar ƙwaya ɗaya ba, kashi 74 farin taɓo ne, kilo ɗaya na tsantsar kabaid yana barin fiye da kilo ɗaya nasa. Taɓon jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ce, irin wadda ake shafe bango da ita. Zubar da ita a kwata ɓarna ce.

Littafi na biyu

Zafin da ake ji a jikin tanki daga ina yake? Ƙwayoyin zarra a ɗaure suke da juna, kuma kwance kowane ɗauri yana cin makamashi, ƙulla sabo yana sakin makamashi. Idan abin da aka saki wajen ƙulla sababbi ya fi abin da aka kashe wajen kwance tsofaffi, rarar takan fito a matsayin zafi, sai a ce haɗuwar mai fitar da zafi ce. Idan bai kai ba, dole a ciko giɓin daga waje, sai a ce mai shan zafi ce. Ana auna wannan da kilojul, kuma kilojul 4.18 ne ke ɗaga zafin ruwa lita ɗaya da digiri ɗaya.

Kabaid da ruwa suna fitar da kusan kilojul 128 a kowane mol, wato wajen kilojul 2,000 a kilo ɗaya na tsantsa. Wannan ya isa ya kai ruwa lita 6 daga zafin ɗaki zuwa tafasa. A lissafin nauyi, ruwan da kilo ɗaya ke bukata bai kai giram 600 ba. Duk da haka mai walda yana cika tankinsa da ruwa lita-lita, kuma gaskiyarsa. Rarar ruwan ba ta ƙara masa iska ko kaɗan, domin kabaid ne ke ƙarewa da farko, shi ne mai iyakance auki. Aikin rarar shi ne shanye zafi. Wanda ya yi rowar ruwa, tankinsa zai yi zafin da bai dace ba, ita kuwa asitilin iska ce mai saurin fushi. Tana ɗauke da makamashi a cikin ɗaurinta har kilojul 227 a kowane mol fiye da kabon da haidirojin ɗin da suka haɗu suka yi ta, shi ya sa idan aka matse ta da yawa ko ta yi zafi tana iya tarwatsewa da kanta ba tare da iskar oksijin ba. Kashi 2.5 cikin 100 nata a cikin iska ya isa ya kama da wuta. Tankin da aka ƙera a gida ba tare da hanyar rage matsi ba abin tsoro ne, kuma ina faɗin haka ne da sanin cewa da shi mutane da yawa ke ciyar da iyali.

Shi wannan makamashi ba daga sama ya faɗo ba. Kafin a sami kabaid sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 900, aikin da ke shan kilojul 178 a kowane mol, irin gashin da ake yi a kamfanonin siminti na Sakkwato da Ashaka da Obajana. Sannan a haɗa abin da ya fito da kabon a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 2,000, a nan ma a sha fiye da kilojul 460 a kowane mol. Wani ɗan Kanada mai suna Thomas Willson ne ya gano wannan hanya a Amurka a 1892, yau kuma ƙasar Sin ce kan gaba a duniya wajen yin sa. Harshen wutar da ke liƙe salansa a Panteka wani ɓangare ne na lantarkin da aka ƙona a wata ƙasa, aka adana shi cikin dutse, aka yo jigilarsa.

Wani abu da ke rikita ɗalibai shi ne bambancin yawan zafi da tsananinsa. Giram ɗaya na asitilin yana ba da kusan kilojul 50 idan ya ƙone, giram ɗaya na gas ɗin girki ma kusan haka. Amma harshen asitilin da oksijin yana wuce digiri 3,000, na gas ɗin girki bai kai nan ba. Dalili shi ne asitilin tana sakin nata da sauri a ɗan ƙaramin wuri, hayaƙin da zai raba zafin da ita kuma kaɗan ne. Ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538, don haka duka biyun suna iya yanka shi, amma wajen liƙi asitilin ce gwana.

Gawayi, inda asarar ta fi yawa

Idan ana neman haɗuwar sinadarai da ta fi shafar gidajen Kawo da Unguwan Shanu da Badarawa da Rigasa, gawayi ne. Duk lokacin da gas da kananzir suka yi tsada, buhunan gawayi sukan ƙaru a bakin titi. Yin gawayi shi ne gasa itace a inda iska ta yi ƙaranci, yadda ruwa da hayaƙi da kwalta za su fita su bar kabon. Da farko aikin shan zafi yake yi, domin sai an kori ruwan da ke cikin itacen, kuma kowane kilo na ruwa yana cin kilojul 2,260 kafin ya zama tururi. Idan zafi ya kai wajen digiri 280 sai lamarin ya juya, itacen ya fara rushewa da kansa yana fitar da zafi. Masu wannan sana'a suna gane juyin ne ta launin hayaƙi, daga fari mai kauri zuwa shuɗi mai sirara, sai su toshe ƙofofin iska.

Busasshen itace kusan rabinsa kabon ne. Kilo 100 yana ɗauke da kabon wajen kilo 50 da makamashi kimanin megajul 1,800, kowane megajul kuwa kilojul 1,000 ne. Ramin gargajiya da ake rufewa da ganye da ƙasa yakan ba da gawayi tsakanin kilo 10 zuwa 20 daga wannan itace. A ɗauki 15. Kowane kilo na gawayi yana da kusan megajul 30, jimla 450. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na makamashin bishiyar ya iso gari. Kashi uku sun tashi a daji, wani an ƙona shi don ɗumama ramin, wani ya fita a hayaƙi. Tanderun bulo ko na ƙarfe da aka tsara da kyau yana iya kai auki kilo 25 zuwa 30. Ma'anar wannan a fili take: da irin wannan tanderu, da busar da itace kafin a gasa, rabin bishiyoyin da ake sarewa sun isa su ba da buhunan da ake samu yanzu. Ana yawan maganar hana saran itace, ba a cika maganar aukin rami ba, alhali nan ne gyara ya fi sauƙi.

Sai dai auki a nan yana da tarko. Idan aka gasa itace a zafi kaɗan, gawayin yakan fi nauyi saboda kwalta ba ta gama fita ba, sikeli ya nuna auki mai yawa, amma a kurfoti sai hayaƙi da tartsatsi. Idan aka gasa sosai, nauyi ya ragu, kabon ya ƙaru, wuta ta yi kyau. Matar da ke ƙwanƙwasa gawayi biyu ta saurari ƙararsu kafin ta saya, ingancin take aunawa. Kason auki ba ya da ma'ana sai an faɗi tsarkin abin da aka auna.

Idan gawayin ya iso kurfoti, hanya biyu ce a gabansa. Da isasshiyar iska, giram 12 na kabon yana zama kabon dayoksaid ya saki kilojul 393.5. Idan iska ta yi kaɗan sai ya tsaya a rabin hanya, ya zama kabon monoksaid, ya saki kilojul 110.5 kacal. Wannan adadi na biyu yana da wuyar aunawa kai tsaye, domin ba a iya tilasta wa kabon ya tsaya a rabin hanya gaba ɗaya. An same shi ne ta ƙa'idar da Germain Hess ya bayyana a Rasha a 1840, cewa jimlar zafin haɗuwa ɗaya ce ko a tafi kai tsaye ko a yada zango. An auna ƙonewar kabon monoksaid aka sami 283, aka cire daga 393.5, saura 110.5. Shuɗin harshen da ke rawa a saman garwashi shi ne zango na biyun yana faruwa.

Ke nan garwashin da aka hana iska yana ba da kashi 28 ne kawai cikin 100 na zafinsa, sauran kuma yana fita a matsayin guba marar launi marar wari, wadda jini ke kamawa fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya tsananta, mutane kan shiga da kaskon garwashi ɗaki su rufe ƙofa da taga. Mutum yakan fara da ciwon kai da jiri da kasala, ya ɗauka barci ne. Janareta da aka kunna a cikin shago ko lungun da ba iska ita ma wannan gubar take fitarwa.

Sabulu da aukin da ya wuce ɗari

Mata da yawa a Tudun Wada da Unguwan Dosa suna haɗa sabulun wanki a gida, kuma su ma da littattafan nan biyu suke aiki. Mai da soda suna haɗuwa su ba da sabulu da gilisarin. Kowane mai da sodar da yake ci. Kilo ɗaya na manja yana bukatar kimanin giram 142 na soda, man gyaɗa 136, man kaɗanya 128, alayyadi kuwa wajen 176. Wadda ta saba da alayyadi ta koma man gyaɗa ba ta rage soda ba, za ta bar kusan giram 40 na soda a cikin sabulu ba abin da zai cinye ta, shi ne sabulun da ke cin hannu yana koɗe atamfa. Wadda ta yi akasin haka sabulunta zai yi laushi ya yi maiƙo. Awo da gwangwanin madara shi ke jawo wannan, ga shi kuma soda tana jan laima, nauyin cikin gwangwani na rani dabam da na damina.

Narkar da soda a ruwa yana fitar da kilojul 44.5 a kowane giram 40. Giram 142 a cikin ruwa kofi biyu yana iya kai shi kusa da tafasa. Shi ya sa ake zuba soda a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma ba a yin haɗin a tukunyar alminiyam, domin soda tana cin ta tana fitar da iskar haidirojin.

A lissafi, kilo ɗaya na manja da sodarsa suna ba da sabulu kimanin giram 1,030 da gilisarin kusan 110. Amma mai sabulu za ta auna abin da ta zuba a mazubi ta ga kilo ɗaya da rabi. Kason auki ya haura 100, abin da ba ya yiwuwa. Ruwa ne da gilisarin ke cikin nauyin, kuma bayan makonni sandar sabulun za ta rame. Duk ɗalibin da ya sami auki sama da 100 a ɗakin gwaji ya sani kayansa ba su bushe ba ko akwai baƙon abu a ciki. Aukin shinkafar da muka fara da shi ma irin wannan ne, ruwa ta sha.

Inda littattafan biyu suka yi karo

Buhun yuriya da manomi ke saya a kasuwar Kawo ranar Talata shi ne misali mafi girma na yadda auki da zafi ke jan juna. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma masara ba ta iya cin ta haka, domin ƙwayoyinta biyu a ɗaure suke da ɗauri mai ƙarfin gaske. Sai an mai da ita amoniya:

N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃

Kwance ɗaurin naitirojin yana cin kilojul 945, na haidirojin uku suna cin 1,308, jimla 2,253. Ƙulla sababbin ɗauri shida na amoniya yana sakin 2,346. Rarar ta kai 93, kusa ƙwarai da 92 da aka auna a zahiri. Haɗuwar mai fitar da zafi ce, kuma mai komawa baya ce, amoniya tana iya warwarewa ta koma inda ta fito.

A nan matsalar take. Ƙa'idar da Henri Le Chatelier ya bayyana a 1884 ta nuna cewa haɗuwa mai fitar da zafi, idan aka ƙara mata zafi, baya take ja. Sanyi ne ke ba da auki mai yawa. Amma a sanyi ba abin da ke motsi, domin ɗaurin naitirojin ba ya kwancewa sai an tsallake wani tudu na makamashi, kamar yadda gawayi zai shekara a buhu bai kama ba sai an kawo masa wuta. A ƙara zafi, aiki ya yi sauri auki ya faɗi. A rage zafi, auki ya hau a takarda amma a jira har abada. Fritz Haber ya nuna mafita a Jamus a 1909, Carl Bosch ya mai da ita masana'anta a Oppau a 1913. Suka tsaya a tsakiya, zafi wajen digiri 450, matsi kusan ninki 200 na iskar duniya saboda matsi yana tura haɗuwar gaba, sannan suka sa wani ƙarfe da ke aikin dillali, yana rage tsawon tudun ya haɗa ɓangarorin biyu shi kuma ya fita yadda ya shiga. Dillalin yana ƙara sauri ne kawai, ba ya ƙara auki ko rage zafin da za a fitar.

Duk da wannan, kusan kashi 15 cikin 100 ne ke zama amoniya a zagaye ɗaya. Dabarar ita ce a sanyaya iskar, amoniya ta zama ruwa a kwashe ta, sauran a mai da shi tukunya, a yi ta zagayawa har jimlar auki ta haura kashi 95. Kuɗin wannan dabara makamashi ne. Haidirojin ɗin daga iskar gas ake ciro shi ta hanyar da ke shan kilojul 206 a kowane mol na gas ɗin, ga injinan matsi, ga sanyayawa da sake ɗumamawa. Yin amoniya kaɗai yana cin tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi. Shi ya sa kamfanonin yuriya na Najeriya suke kusa da gas, Indorama a Eleme, Notore a Onne, da na Dangote a Lekki da aka buɗe a 2022, shi ya sa kuma farashin taki ke bin farashin gas.

Amoniya kilo 34 da kabon dayoksaid kilo 44 suna ba da yuriya kilo 60 da ruwa kilo 18. Kashi 46 cikin 100 na yuriya naitirojin ce, buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Wanda ya taɓa narkar da yuriya a bokiti ya san ruwan yakan yi sanyi har ya ji a hannu, domin narkewarta shan zafi take yi, kishiyar soda. Wannan yana nuna cewa ba fitar da zafi kaɗai ke sa abu ya faru da kansa ba, son watsuwa da ƙwayoyi ke da shi ma yana da nasa ƙarfin. Abin da ke damuna shi ne ƙarshen tafiyar. Idan aka watsa yuriya a saman ƙasa da rana tsaka aka tafi, ƙananan halittun ƙasa suna warware ta ta koma amoniya, wani kaso mai yawa ya tashi sama. Abin da aka sha wahalar kamowa daga iska da zafin digiri 450 ya koma iska cikin 'yan kwanaki. Shawarar malaman gona ta a tona a binne taki a gefen shuka, a ƙasa mai laima, maganar auki ce tsantsa.

Abin da ya rage mana

Ɗalibanmu suna shiga jarrabawar WAEC da NECO da ƙa'idar kason auki a ka, amma da yawansu ba su taɓa ɗora wani abu a sikeli kafin haɗi da bayansa ba. Gwajin ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Giram 60 na yuriya a cikin ruwa kofi ɗaya yana saukar da zafinsa da fiye da digiri 10, kuma yaro zai gani a ma'aunin zafi da idonsa. Ana iya auna itace, a gasa shi a gwangwani mai ƙaramin rami a fili, a auna gawayin, a fitar da kaso. Kabaid da soda kuwa malami ne kaɗai ya kamata ya taɓa su, da tabarau da safar hannu.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda tushenta ya faro tun 1956, maƙwabciyar Panteka ce. Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 tana cikin gari, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa kuma tana Basawa a Zariya. Roƙona ga malaman waɗannan wurare shi ne su tura ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu su auna aukin ramukan gawayin da ke ciyar da Kaduna da ingancin kabaid ɗin da ake sayarwa a kasuwa, su kuma mayar wa masu sana'ar sakamakon da Hausa. Kafin nan, a buga takarda guda mai ɗauke da giram nawa na soda kowane mai yake ci, a liƙa ta a shagunan da ake sayar da kayan sabulu a Kasuwar Barci da Kasuwar Gumi.